Ragowar Labarin Mai Fito

Halliru makaniken injin ban ruwa ne a Wurno. Shagonsa na langa-langa yana bakin hanyar da ta gangara fadama, kuma duk manomin albasa ko tafarnuwa da injinsa ya ƙi tashi, daga nan har Marnona, wurinsa yake nufa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Matarsa Asabe takan ce in kana son jin bakin Halliru, sai dai ka zama inji.

Janareta ce ta haɗa shi da Malam Jerry. Shi Malam Jerry mutumin Pankshin ne, ya zo Wurno koyar da Turanci a sakandare tun gashin kansa yana baƙi wuluk, ya zauna har furfura ta cim masa. Yana nan matarsa Patricia ta rasu, a nan kuma 'yarsa Winnie ta girma kafin ta tafi Jos karatun aikin jinya. Wata rana ya tsaya a shagon Halliru, ya ce yana da janareta da ke son gyara.

"Mi yas same ta?" in ji Halliru.

"Lafiyarta ƙalau. Surutu ne ya yi mata yawa. Tana shiga mini cikin magana."

Halliru bai gane ba, amma ya ɗauki sifana ya bi shi gida. A can ya tarar da teburi, da tsohuwar kwamfuta, da makirfo da aka sanya wa safar ƙafa a kai. Gefe kuma tarin littattafai ne da takardunsu suka yi ja don tsufa. Malam Jerry ya ce labarai ne na ban tsoro da Turawa suka rubuta tun zamanin kakannin kakanninsu: fatalwa, gidajen da aka ƙaurace wa, gawar da ta ƙi kwanciya. Yakan karanta shafi a zuci, ya juya shi a ransa, sannan ya faɗe shi da Hausa, na'ura tana ɗauka. Ya danna wani abu domin Halliru ya ji yadda janaretar ke ɓata masa aiki.

Halliru bai ma ji janaretar ba. Muryar ya ji. Murya ce mai kauri, ba ta sauri, tana tafiya kamar mai riƙe da fitila a gaba yana waiwayo ya ga ko kana biye. In ta zo wurin tsoro ba ta ɗagawa, sai ma ta ƙara yin ƙasa, har ka matso ba ka sani ba. Yana tsaye da sifana a hannu har labarin ya kai inda aka tsaya.

"Malam," ya ce, "kac ce ƙohwa ta buɗe. Ni kuwa ban ji ta ba."

Malam Jerry ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa, sannan ya fashe da dariya.

Daga wannan makon aikin ya koma gidan Halliru. Akwai tsohon ɗakin ƙasa na mahaifiyarsa, mai kaurin bango, wanda ba a kwana cikinsa tun rasuwarta. Suka rataya barguna a bangon, suka toshe tagar da buhu. Kowace Asabar bayan Azahar, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, sai su shige. Asabe takan kora awaki gidan maƙwabta, ta jingine taɓarya, ta hana kowa tari. Malam Jerry yana magana, Halliru yana tsugune cikin tarkacensa. Tsohon ƙyaure ne da shi wanda ya hana a ɗiga wa mai. Buhun yashi da takalmi sau ciki su ne tafiyar mutum a duhu. Guntun tiyo in ya wulwula shi sama, iska ce mai kuka a bayan gida. In aka kira La'asar sai Malam Jerry ya ɗaga hannu, Halliru ya fita masallaci, shi kuma ya zauna a ƙofar ɗaki yana shan furar da Asabe ta dama masa, suna gardama a kan wanda ya fi wauta a cikin mutanen labarin.

"Wagga mata kam ba ta da hankali," Asabe takan ce. "An ce mata kar ta hau bene. Mi tab bari can?"

"Maman Bilkisu, in ba ta hau ba ai labari ya ƙare."

"To shi ƙare mana, ta tsira da ranta!"

Masu tura fina-finai a waya su suka yaɗa abin. Daga kasuwar Wurno ya kai Rabah, ya kai Goronyo, ana zuba wa mutane a katin waya tare da wa'azi da waƙoƙin biki. Manomi yana bin kwalbatin ruwa tsakanin kunyoyin albasa, waya a aljihun gaba, fatalwa tana hawa matakala. Ba kowa ya san fuskar Malam Jerry ba, kuma ba wanda ya damu da sanin mai kaɗa ƙyauren. Wannan bai taɓa damun Halliru ba. Shi abin da yake so shi ne lokacin nan da Malam Jerry zai ɗago ido daga littafi, ya ɗan ɗaga masa gira, shi kuma ya saki ƙarar daidai inda ta dace, su dubi juna.

Sun yi shekaru a haka. Sai aka yi wa Malam Jerry canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a Rara, can ƙasar Rabah.

Lokacin suna tsakiyar wani dogon labari ne, wanda mutane suka fi so a kan duk na baya. Labarin wani mai fito ne a ƙasar sanyi, wanda wata mata mai jiƙaƙƙun tufafi take zuwa masa kullum da almuru, ta ce ya ƙetare da ita tafki. Kullum yana ƙi. Ran da ya yarda, suna kaiwa tsakiyar ruwa sai ya ji jirgin yana ƙara nauyi, yana nutsewa kaɗan-kaɗan, alhali su biyu ne kawai a ciki. Halliru ya samo babban daro da faifai domin wannan labarin, ya koyi yadda ake fitar da ƙarar tuƙi da ta ruwa yana lasar katako.

Malam Jerry ya yi alkawarin zuwa kowace Asabar, kuma da farko ya cika. Yakan iso a babur, jikinsa duk ƙura, muryarsa a ɗan dishe. Ya ce alli ne, makarantar can allonta ya mutu, sai an danna. Asabe ta dafa masa citta da kanumfari da zuma. Wata Asabar ya yi ta tsayawa yana gyaran murya, har suka haƙura suka tashi, daidai inda mai fito ya ajiye sandar tuƙi zai waiwaya ya ga abin da ke bayansa. Asabar ta gaba bai zo ba. Ta gaba ma haka.

Halliru ya kira, ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo a rubuce: yana lafiya, aiki ne ya yi yawa, a gaida Maman Bilkisu. Ya sake kira bayan kwana biyu, wayar ta yi ta ringi har ta tsinke, sai kuma wani saƙon mai kama da na farko. Haka aka yi ta yi har damina ta faɗi. Daga baya Halliru ya daina kira. Ya ce a ransa mutum in ya gaji da abu ba a yi masa dole, kuma malamin makaranta ba sa'an mai baƙin mai a farce ba ne, ko da sun daɗe suna cin tuwo kwano ɗaya. Ya faɗa wa kansa haka sau da yawa, amma bai taɓa yarda ba har cikin zuciyarsa.

Damina lokacin hutun injin ban ruwa ne, aiki ya ja baya, yini ya yi tsawo. Ranar Asabar bayan Azahar sai ya rasa inda zai sa kansa. Yakan shiga ɗakin ƙasa wai zai duba ko yana yoyo. Bargunan sun fara warin raɓa. Ruwan daron ya ƙafe ya bar zobe fari. Sai ya zauna a inda ya saba tsugunawa, ya kunna wani tsohon labari a waya, ya ajiye ta kan kujerar Malam Jerry. Ba labarin yake bi ba, ya san ƙarshensa. Yana sauraron wuraren da mutumin yake jan numfashi ne, da ɗan taunar harshen da yake yi kafin ya faɗi sunan Bature mai wuya, da wani wuri guda da dariya ta kusa kuɓuce masa saboda zakaran maƙwabta ya yi cara ana tsakiyar labarin maƙabarta.

Mutane kuma ba su bar shi ya huta ba. Masu turi a kasuwa sun san a gidansa ake yi, suka riƙa turo masa masu tambaya. Da ruwa ya ɗauke aka fara shirin noman rani, wani dattijo mai suna Atiku, masunci daga bakin madatsar ruwan Goronyo, ya kawo injin da yake ban ruwan 'yar gonarsa. Yana zaune kan benci Halliru na kwance kafireto, sai ya ce:

"An ce mani kai na mai ruwan ga na cikin labari."

"Ni na, Baba."

"To tuƙinka ya yi sauri. Jirgin da yay yi nauyi ba a tuƙa shi hakanan. Amma ba shi yak kawo ni ba. Ina ragowar?"

Halliru ya ce mai karatun ya yi nisa.

"Nisa ina? Makka?"

"Rara."

Atiku ya tafa hannu. "Rara ta nisa? Ɗana, gidana cike yake da dangin matata da sunka baro Shinaka gudun ɓarayin daji. Sun ga abin da ido bai son gani. Yamma na yi, matan su taru bakin murhu su kunna labarin ga, su yi ta ƙanƙame juna suna salati, in ya ƙare su yi dariya. Nit tambaye su, ku da kunka gudo ma tsoro, mi kuka nema ga wani tsoron? Ɗaya tac ce mani, Baba, wanga bai ƙona rumbu. Yanzu kun bar musu mutum tsakiyar ruwa tun bazara. Ko ɗan kishiya ba a yi mai haka."

Halliru ya ba Asabe labari da ya koma gida, yana dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ajiye tankaɗen da ke hannunta.

"Baban Bilkisu, kai kana ganin Malam Jerry na iya ƙin ɗaukar wayarka don ya raina ka? Mutumin da yad ɗauki gawar Innata da kai hal bakin maƙabarta? Ni tun tuni raina bai kwanta ba. Ka tashi ka tai ka gano shi. In fushi na, ku yi shi ido da ido."

Ya tafi da safe a babur ɗinsa, bayan ya tambayi direbobi a tasha ko hanya lafiya. Gero ya isa yanka ko'ina, an fara jera dammuna a bakin gonaki. A Rara ya tambayi gidan malamin Turanci, aka nuna masa wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan makaranta. A ƙofar gidan ya ga kwalaye ɗaure da igiya, da katifa a naɗe. Wata budurwa ta fito da bokiti. Sai da ta yi magana ya gane ta.

"Baba Halliru!"

Winnie ce. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda take yi tun tana zuwa kitso wurin Asabe, tana tashi idonta ya cika da ƙwalla. Ta ja shi gefe ta gaya masa a gurguje. Ba alli ba ne. Ciwon daji ne a maƙogwaro. An yi masa aiki a Sakkwato tsakiyar damina, an cire abin, amma muryar ta tafi tare da shi. Ya hana ta gaya wa kowa a Wurno. Yanzu ya ajiye aiki, ta zo ta tafi da shi gida, jibi motar za ta zo.

"Na ce masa ba daidai ba ne, Baba. Na ce ko kai kaɗai a gaya maka. Sai ya juya mini baya."

Halliru ya yi sallama ya shiga. Malam Jerry yana zaune a kujerar roba, ya rame har tabaran ya yi masa yawa, an ɗaura masa farin ƙyalle a wuya. Da ya ga mai shigowa sai ya yunƙura zai tashi, ya fasa, ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Halliru ya zo da maganganu da yawa da ya tara tun bazara, masu zafi da masu sanyi. Ko ɗaya bai samu ba. Ya jawo kwali ya zauna kusa da shi, ya kama ɗayan hannun ya riƙe.

Can Malam Jerry ya yafito shi da yatsa. Halliru ya kai kunnensa dab da bakinsa. Abin da ya fito ba murya ba ce, iska ce kawai da leɓe da harshe suke yankawa, amma ana ganewa in an natsu.

"Ban so ka ji ni haka ba."

"To ga shi na ji," in ji Halliru. "Kuma ban mutu ba."

Kafaɗun Malam Jerry suka girgiza. Dariya yake, ba sauti.

Halliru ya ba shi labarin Atiku da matan Shinaka, har da zancen tuƙin da ya yi sauri. Bai faɗa don ya ɗora masa nauyi ba, so yake kawai ya san ana nemansa. Malam Jerry ya dubi kwalayen. Sai ya nuna wa Winnie ɗaya daga ciki. Ta kwance igiyar, ta tono kwamfutar da makirfon da littafin, har da tsinken tsintsiyar da ya sa alama da shi. Ya buɗe shafin, ya nuna bakinsa, ya nuna kunnen Halliru, sannan ya nuna bakin Halliru da makirfon.

"A'a, Malam. Ni? Ni ko sanarwar ɗaurin aure ban iya ba."

Malam Jerry ya ci gaba da dubansa ta saman tabarau, bai ƙifta ba.

Halliru ya aika wa Asabe cewa zai kwana biyu. Suka jingine katifar a jikin taga, suka jira aka tashi yara daga makaranta. Winnie ta kawo bahon wanki da murfin tukunya, Halliru ya nuna mata yadda za ta ja ruwan, a hankali, kamar mai tuƙa jirgin da ya yi lodi. Sannan ya zauna gaban makirfo, Malam Jerry a kafaɗarsa ta dama. Malam zai karanta a zuci, ya raɗa masa jimla guda, Winnie ta danna na'ura, shi kuma ya faɗa.

Farkon abin bai yi kyau ba. Muryarsa tana rawa, yana sauri kamar wanda ake bi. Malam Jerry ya riƙa dafa masa gwiwa, in ya danna yana nufin ya rage gudu, in ya ɗaga yana nufin ya ci gaba. Wani lokaci raɗar ba ta fitowa, sai an maimaita, tari ya sarƙe shi, Winnie ta tsayar da komai ta share masa wuya ta ba shi ruwa. Ta so a bari, ya girgiza kai. Wani wurin kuma Halliru ya ce, "Malam, mu nan ba mu cewa haka," ya faɗe shi da Sakkwatancinsa, Malam Jerry ya ɗaga masa babban yatsa.

Washegari suka kai inda mai fito ya waiwaya. Halliru bai san abin da ke zuwa ba, jimla-jimla yake karɓarsa kamar kowa. Mai fito ya ga jirginsa cike da mutane a zaune, jiƙe sharkaf, duk waɗanda tafkin ya taɓa ci, kowa ya ɗora hannu a gwiwa yana jiran a kai shi gaɓa. A can ƙarshen jirgin kuma ga ƙanensa, wanda ya nutse tun suna yara, yana nan da ƙuruciyarsa. Da raɗar ta shiga kunnen Halliru sai tsigar jikinsa ta tashi. Ya faɗe ta a hankali, ƙasa-ƙasa, ba don an danna masa gwiwa ba. Winnie ta manta da ruwan, hannunta a cikin baho. Mai fito ya ɗauki sandarsa ya yi ta tuƙi har ya kai su, suka sauka ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya waiwayo, ƙanen ne na ƙarshe. Da gari ya waye mutanen ƙauye suka tarar da jirgin a ɗaure a wancan ƙetaren, mai shi yana zaune a ciki da ransa, amma bai sake yarda ya taka ƙasa ba har ya mutu.

Winnie ta kashe na'urar. Malam Jerry ya rufe littafin, ya jingina kansa da bango, idonsa a rufe, gumi yana bin goshinsa. Ya lalubo hannun Halliru ya matse.

Motar ta zo da hantsi. Halliru ya taya loda kaya, ya ɗaure katifar a sama da kansa, ya sake duba ɗaurin ko da yake ya san ya yi. Malaman makarantar da 'yan cocinsu kaɗan suka zo sallama. Da aka zaunar da Malam Jerry a gaba, ya yafito shi ta taga. Halliru ya sunkuya.

"Ka gaida Maman Bilkisu. Ka ce mata wannan karon ba wanda ya hau bene."

Ya tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana. Sannan ya tuna bai ce masa komai ba, ko Allah ya kiyaye hanya.

Ragowar labarin ta fita kasuwa cikin makon. Halliru da kansa ya kai wa Atiku injinsa Goronyo, abin da ba ya yi wa kowa. Ya same shi a inuwa yana ɗinkin koma, ruwan madatsar yana ƙyalli a bayansa har iyakar gani. Dattijon ya ce sun ji, matan sun ji har sau nawa, wadda ta rasa ɗanta a hanyar gudu ta yi kuka wurin ƙanen nan, amma ta ce a sake kunnawa.

"Sai dai muryar ba ita ta ba," ya ce. "Kai na, ko?"

"Ni na, Baba."

"Ka yi ƙoƙari. Amma ba ka kai shi ba."

"Na sani."

Atiku ya dube shi da kyau, ya ga abin da ke fuskarsa, sai ya ajiye komar ya tambayi abin da ya faru. Da ya ji, ya yi salati, ya yi wa Malam Jerry addu'ar samun sauƙi, ya shiga gida ya fito da ƙullin busasshen kifi ya ce a aika masa in an sami mai zuwa.

Halliru bai sake ɗaukar wani labari ba. Masu turi sun roƙe shi, wani malamin ma ya zo ya ce zai riƙa karantawa, Halliru ya ba shi haƙuri. Asabe ta sauke bargunan ta wanke, ɗakin ya koma wurin ajiye gero.

Abin da ya rage masa shi ne Juma'a. In an sauko daga masallaci ya ci abinci, sai ya koma shago ya zauna a benci ya kira Pankshin. Yanzu ana ɗauka. Winnie ce ta tsara musu: Malam Jerry zai ƙwanƙwasa bayan wayar da farce, sau ɗaya in ya yarda, sau biyu in bai yarda ba, in kuma dariya yake sai ya yi ta bugawa barkatai. Halliru, wanda garin Wurno ya sani da shiru, shi ne mai zuba. Ya gaya masa wanda ya yi aure da wanda ya rasu, da yadda albasa ta yi bana, da rigimar da aka yi kan rabon ruwa a fadama, da haƙorin da jikarsa ta fitar. Yakan tara labaran tun ranar Asabar, in ya ji wani abu a tasha ya ce a ransa, wannan na Malam ne. Kullum kuma yana cewa zai zo, in an kwashe albasa, in hanya ta yi sauƙi, in an yi Sallah. Kullum sai ya ji ƙwas, sau ɗaya.

Wata Juma'a labarin ya ƙare masa da wuri. Ya lalubi abin faɗa ya rasa. Ya bar wayar a kunne. Daga can yana jin iska tana kaɗa wani abu kamar labule, da kukan kaza, da numfashin mutumin yana shiga yana fita ta wuyansa.

"Malam, kana nan?"

Ƙwas.

"In kashe?"

Ƙwas, ƙwas.

Sai ya gyara zama ya jingina da langa-langar. Wani manomi ya iso da inji a bayan babur, ya fara kwance igiya yana sallama. Halliru ya amsa masa da hannu, ya nuna masa benci ya jira.